Saran Farko

Ranar da na yi ritaya an shirya mini walima a harabar ma'aikatar ayyuka. Aka ba ni agogon bango da hotona a cikin gilashi, aka yi ta jawabi, kowa ya tashi sai ya ce na yi wa jiha hidima, yanzu lokaci ya yi da zan je in huta. Na yi ta murmushi ina gyaɗa kai. Na ɗauka maganar taro ce kawai, irin wadda ni ma na sha faɗa wa wasu. Ban san garin Jos gaba ɗaya ya ɗaura niyyar hutar da ni ba, ko ina so ko ba na so.

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina aikin hanya. Na fara ne daga mai riƙe sandar awo a cikin rana, na ƙare a kujerar darakta. Da takarda ta fito, na miƙa makullin gidan gwamnati na Rayfield, na miƙa mota da direbanta, muka kwashe kayanmu ni da Hajiya muka koma gidanmu na gado a Tudun Wada, gidan da mahaifina ya gina da gumin haƙar kuza. 'Ya'ya duk sun watse, babban yana Abuja, matan suna gidajen mazajensu. Makon farko na yi barci har na gode Allah. Daga nan kuma sai abin ya fara cina. In dawo daga Asuba in yi wanka in sa kaya, in zauna a falo ina kallon agogon nan da suka ba ni. Na gyara ƙofar da ba ta lalace ba. Na shiga kicin ina tambayar Hajiya dalilin da ya sa take ajiye gishiri kusa da sukari, har ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Alhaji, don girman Allah ka fita ka sha iska. Ka hana ni sakat a gidan nan."

Na fita ɗin. Na hau mota na je wajen Kuru in gai da wani abokin aikina, Kirista, da muka ajiye aiki lokaci guda. Ya koma ƙauyensu yana noman dankali. Na same shi da taɓo har gwiwa, yana yi wa masu taya shi faɗa kan kunya ɗaya da ta karkace, fuskarsa sai sheƙi take yi. Ya cika mini buhu da dankali. Na dawo gida ina jin hassadarsa, wallahi, ni da ban taɓa yi masa hassada ba ko lokacin da aka ƙara masa girma kafin ni. Shi da gari ya waye akwai abin da ke jiransa, ni kuwa ko kaza ba ta jirana.

Ana cikin haka wani maƙwabcinmu ya rasu. Muka sallace shi a ƙofar gida, muka ɗauka zuwa maƙabarta, sai muka tarar ba a gama kabari ba. Aka ajiye makara a inuwa, jama'a suka yi cirko-cirko. Mutum kaɗan ne a ramin, suna ta fama da marmara, jar ƙasar nan tamu mai taurin tsiya wadda diga ke sara tana tsalle. Na tambaya aka ce mini ai ba ma'aikata ba ne, 'yan unguwa ne da suka haɗa kansu suke yi don Allah. Shugabansu wani tela ne, magidanci mai sanyin magana, sauran kuwa masu keke ne da bakanike da mai sayar da katako. In an yi rasuwa kowa ya rufe sana'arsa ya zo. Ran nan mutuwar ta zo da hantsi, yawancinsu sun riga sun fita nema.

Ina tsaye a wurin sai wani tunani ya zo mini. Ga aiki yana neman hannu, ga ni da hannu biyu suna zaman banza. Kuma diga ba baƙuwata ba ce. Kafin in san alƙalami ita na sani. Lokacin hutun makaranta mahaifina kan tafi da ni ramin kuza, in ɗauki kwanon ƙasa, da na tasa kuma ya ba ni diga. Ko a aikin hanya ban zama darakta daga sama ba. Na dawo gida ran nan na gaya wa Hajiya na sami abin yi. Ta ce Allah ya ba da lada, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Bayan La'asar na sami telan a masallaci na ce ina so in shiga cikinsu. Murna kamar ya ɗauke ni. Ya ce in ba shi kwana biyu ya sanar da sauran. Ranar Juma'a liman ya tashi bayan salla ya yi sanarwa cewa Allah ya kawo wa masu aikin maƙabarta babban rabo, tsohon darakta ya amince ya zama uban ƙungiya. Aka yi kabbara. Na juya ina neman wanda ake nufi, sai na ga kowa ni yake kallo. Da aka fito na ja telan gefe.

"Malam, ni fa ba uba na ce zan zama ba. Aiki na zo yi. Haƙa."

"Ai duk ɗaya ne, Oga," in ji shi, yana murmushi. "Kai dai ka zo."

Da aka yi rasuwa ta gaba na shirya. Na sa tsohon wandona na zuwa wurin aiki da takalmin roba mai tsawo, na isa maƙabarta na tarar sun shata wuri. Na yi sallama, na duƙa na ɗauki diga, na ɗaga ta sama. Ba ta sauko ba. Wani ya riƙe ƙotar ta baya.

"Haba Oga! Muna raye?"

Bakaniken ne, ƙato, ya zare ta daga hannuna a hankali kamar yana karɓe wuƙa daga hannun jariri. Kafin in buɗe baki wani ya kama gwiwar hannuna, ana ta "sannu Baba, bi a hankali, akwai dutse," aka raka ni gindin bishiyar turare. A can na ga kujerun roba farare guda biyu. Ɗaya babu kowa. A kan ɗayar wani tsoho ne siriri da hular da ta sha jiki, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana kallona yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Zauna, Darakta," ya ce. "Ni ma da shebur na zo."

Tsohon direban jirgin ƙasa ne. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Shi ma da ya ajiye aiki ya kawo kansa, suka yi masa abin da suka yi mini, ya yi faɗa har ya gaji ya zauna. Da muka taɓa hira ya gano iyayena daga Kano suka zo, shi kuma Bazazzagi ne, shi ke nan na shiga uku. Wasan Kanawa da Zage-zagi ya tashi. Daga ran nan bai ƙara kirana da komai ba sai Darakta ko Bakano, ni kuma ina ce masa Direba.

Ba wai ban san abin da suke yi ba ne. Haka aka rene mu duka. Ka ga babba da kaya ka wuce ba ka karɓa ba, ba kai za a zaga ba, iyayenka za a zaga. Ni kaina na karɓi buta da jaka da buhu daga hannun dattawa ba adadi, ina jin na yi abin kirki. Ban taɓa tsayawa na dubi fuskar dattijon ba bayan na bar shi da hannu wofi. Sai da aka yi mini na san yadda abin yake. Mutum ya rusuna maka, ya kira ka Baba, a cikin ladabin nan ya gaya maka ka gama amfani, kuma dole ka ce masa Allah ya yi albarka.

Na ce to, bari in yi dabara. Na roƙi telan ya riƙa sanar da ni da wuri don in riga kowa zuwa. Ya ce in sha Allahu. Sai ya zama ni ake gaya wa a ƙarshe, bayan rami ya kai ƙugu, wai kada a tashe ni daga hutawa. Wane hutu? Na je kasuwa na sayo digata ta kaina, na sa aka yi mata ƙota daidai hannuna, na ce wannan dai ba mai cewa tasu ce. Ina shiga maƙabarta da ita a kafaɗa suka tarye ni da murna, suka karɓa, telan ya ɗaga ta sama ya ce a yi wa uban ƙungiya addu'a, ya kawo gudummawar kayan aiki. Aka shafa fatiha. Ina ji ina gani aka sa digata a ɗakin ajiya tare da sauran.

Direba ya yi dariya har da tari. "Gobe ka sayo baro, Bakano. Muna bukata."

Na koma kan ruwa. Ana bukatar ruwa don kwaɓa ƙasar da ake toshe tsakanin itatuwa in an sa mamaci, kuma rijiyar tana can ƙasan gangare. Na faki idonsu na ɗauki jarka na cika, na kamo hanya. Ban yi nisa ba wani mai keke ya hango ni, ya yar da shebur ya sheƙo da gudu. Na ce bar shi, ya ce wallahi ba zai bari ba. Na ja, ya ja, jarka ta kife a kan wandona. Sai ga shi ya durƙusa a cikin taɓo yana ba ni haƙuri, ni kuma ina tsaye sharkaf ina ce masa ba komai. Ko ɗaukar makara, da kowa ke rububin sa kafaɗa don lada, ni da zarar kafaɗata ta taɓa itacen sai in ji an ce "kawo, Baba," an zame ni gefe.

Na kai ƙara wajen liman. Na same shi a zaurensa na zayyana masa komai, raina a ɓace. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Alhaji, ai ladan niyya ka riga ka samu. Allah ya ga zuciyarka."

"Allah ya gafarta malam, na san Allah ya gani. Ni so nake ƙasa ma ta gani."

Ya yi murmushi ya ce in duba lamarin ta wajensu. In aka wuce aka ga mai furfura, tsohon darakta, a cikin rami, su kuma majiya ƙarfi suna tsaye a kansa, me unguwa za ta ce? Za a ce ba su da tarbiyya. Ya ce in taimake su in rufa musu asiri. Ka ji fa. Ni da na zo taimako da hannuna, taimakon da ake nema a wurina shi ne in zauna.

Ban gama hucewa ba sai ga waya daga Abuja. Babban ɗana ne. Bayan gaisuwa ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce wai an gaya masa an gan ni da diga a kafaɗa ina shiga maƙabarta.

"Abba, don Allah ka rufa mana asiri. Mutane za su ce mun yi watsi da kai. In zaman gidan ne ya ishe ka, ka zo nan ka huta."

"Kwantar da hankalinka," na ce masa. "Ko sara ɗaya ba a bar ni na yi ba. Kunyar da kake gudu ma an hana ni in jawo maka ita."

Na kashe wayar na yi tsaki. Kowa asirinsa yake so in rufa, kuma duk da zama a kujera ake rufa shi.

Daga nan na yi zuciya na daina zuwa. Aka yi rasuwa, na yi salla a ƙofar gida na juyo abina. Aka sake yi, na sake juyowa. Na koma falo ni da agogo. Hajiya ta lura, sai ta riƙa turo mini shayi ba tare da na nema ba, abin da ya ƙara ƙona mini rai, don ita ma lallaɓa ni take yi. Wata rana da hantsi na ji keke ya tsaya a ƙofar gida, aka yi sallama da muryar da na sani. Direba ne, yana dogara sanda. Bai taɓa zuwa gidana ba.

"Bakano, an ce ka yi yaji."

"Me zan je in yi? Gadin kujera?"

Ya zauna a kan dakali yana mayar da numfashi. Sannan ya ce, "Kafin ka zo, ni kaɗai nake zama a gindin bishiyar nan. Ka san yadda tsoho yake ji in ya zauna shi kaɗai a maƙabarta yana kallon ana haƙa rami? Ji yake kamar layi yake bi. Da ka zo na sami wanda zan zaga, sai na manta." Ya buga sandarsa a ƙasa. "Ka dawo, don Allah. Ba don su ba."

Na koma. Ba don na haƙura ba, haushin yana nan daram. Muka ci gaba da zamanmu, yana ba ni labarin tashoshin da ya bi da jirgi tun daga Kafanchan, ina gaya masa ko jirgin nasu ma a makare yake zuwa kullum. In na ga ana sara ba daidai ba sai hannuna ya riƙa motsi a kan cinyata, shi kuma ya ce, "Riƙe hannunka, Darakta, kada ya gudu ya bar ka."

Wata rana a farkon damina, an gama binne wata tsohuwa, ana wanke hannu, jama'a ba su watse ba tukuna, sai Direba ya miƙe da sandarsa ya ɗaga murya ya kira liman da telan. Ya ce su matso, yana so su zama shaida.

"In tawa ta zo, Bakanon nan ne zai haƙa mini. Kuma kada wanda ya karɓi diga daga hannunsa sai in shi ya miƙa da kansa."

Aka fashe da dariya, an ɗauka wasan da muka saba ne. Direba kam bai yi dariya ba.

"Ba wasa nake ba. Wasiyya ce. Liman, ka ji?"

Liman ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Na ji. Allah ya sa da sauran nisa."

"Amin," in ji Direba. Sai a nan ya juyo gare ni. "So nake a gane ko Bakano ya iya wani abu ban da ciniki."

Na ce masa ya bari sai ya ga ramin tukuna, in ya karkace kada ya kawo mini ƙara. Muka rabu a haka. A hanya ne na gane kyautar da ya yi mini.

Damina ba ta fita ba Direba ya rasu. An kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyin nan na Jos mai shiga ƙashi. Ina karyawa aka yi sallama. Na fito na ga telan da kansa a tsaye, idonsa ja, yana riƙe da karan da aka auna tsawon mamaci da shi. Ya miƙo mini da hannu biyu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na karɓi karan na dube shi. Gajere ne. Duk bakin nan da surutun nan, ashe iyakar mutumin ke nan. Wannan ne karo na farko da aka fara sanar da ni kafin kowa.

A maƙabarta na tarar sun taru, ba wanda ya taɓa ƙasa. Bakaniken ya shiga ɗakin ajiya ya fito da digata, wadda na saya, ƙotarta har ta yi santsi da hannun wasu. Na shimfiɗa karan, na shata, na yi bismilla na sara.

Ƙasar sama ta jiƙa, ta ba ni hanya. Ina sara ina kwashewa da shebur, jikina yana tuna abin da na ɗauka ya manta. Da na iso marmara sai labari ya canza. Kowane sara sai na ji shi har cikin haƙorana. Gumi ya jiƙa rigata duk da sanyin. Su kuwa suna tsaye kewaye da ni, manyan maza, kowa ya goya hannu a baya kamar masu laifi. Na ga hannun telan ya miƙo, ya tsaya a iska, ya koma. Bakaniken ya juya baya gaba ɗaya, ya kasa kallo. Na san azaba suke sha, kuma Allah ya yafe mini, ban ji tausayinsu ba ko kaɗan. Wasiyyar mamaci ta fi ƙarfin ladabinsu.

Tafin hannuna ya yi bororo, bororon ya fashe, ƙotar ta riƙa manne mini. Ramin ya kai gwiwata. A nan na ji ƙirjina yana bugu irin wanda ban yarda da shi ba. Na so in ci gaba, amma gawa tana jira, kuma ba don in nuna kaina zan bar abokina a kan makara ba. Na miƙe na dubi bakaniken na miƙa masa digar da hannuna. Ya karɓa, ya ce, "Sannu da aiki, Baba." Sannu da aiki. Tun ranar walimar nan ba wanda ya gaya mini haka.

Ban koma kujera ba, kuma ba wanda ya ce in koma. Da aka kawo shi aka sa shi aka jera itatuwa, na durƙusa na kwaɓa ƙasa da hannuwan nan masu ciwo, na bi na toshe duk wata kafa. Ina yi ina kuka, ban ɓoye ba. Kukan rashinsa ne, kuma a cikinsa akwai daɗi, don ran nan na san ni wane ne. Ni ɗan mai haƙar kuza ne da ya yi wa abokinsa aiki.

Na koma gida na ce shi ke nan, an wuce wurin. Sun gani da idonsu, ban mutu ba, unguwa ba ta zage su ba. Rasuwa ta gaba na sa takalmin robana na tafi da ƙarfin gwiwa. Na tarar sun shata wuri sun tsaya suna jirana. Telan ya taho da digar a hannu biyu, ya rusuna, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Jama'a, mun yanke shawara. Daga yau Oga ne zai riƙa yi mana saran farko, don albarka."

Na karɓa na sara. Kafin in sake ɗagawa, hannu ya riga ya kama ƙotar ta baya. "Madalla, Baba. Allah ya saka." Aka kama gwiwar hannuna, aka nufi gindin turare da ni.

Tirƙashi! Na san wannan abin, ai sana'ata ce. Sau nawa na tsaya a bakin sabuwar hanya na miƙa wa babban baƙo shebur da aka ɗaura wa ƙyalle, ya ɗebi ƙasa sau ɗaya a tafa masa, a karɓe, ya koma rumfa? Abin da suka mayar da ni ke nan. Na cika na batse, na ce wa telan wannan ai cin fuska ne. Ya rantse da Allah girmamawa ce, kuma na san gaskiyarsa yake faɗa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da mugunta ce da na san yadda zan yi da ita.

Har yau a haka muke. Ina zuwa, ina yin saran farko, in yi kamar ban ji "madalla" ba in saci na biyu da na uku kafin a cafke. Wani lokaci in ci sa'a su shagala in kai ga kwaɓin ƙasa. Bororon hannuna ya warke, fatar ta koma laushinta. Na nuna wa Hajiya ta ce alhamdu lillahi, na ce ba abin godiya na nuna miki ba. Ta ce in ci abinci.

Kwanakin baya wani tsohon hedimasta da ya ajiye aiki ya shigo maƙabarta da sabon shebur a kafaɗa, ya naɗe hannun riga, fuskarsa cike da niyya. Ina kallo suka tarye shi da murna, suka karɓe shebur ɗin, aka yi masa addu'a, aka rako shi gindin turare aka zaunar da shi a kujerar Direba. Ya zauna yana huci, yana kallon hannuwansa.

"Sannu, Malam," na ce masa. "Ni ma da diga na zo."

Bai yi dariya ba, ni ma ban sa ran zai yi ba. Da aka gama binnewa ana wanke hannu, na miƙe na kira liman da telan na ce su matso, ina so su zama shaida. Telan ya dubi hedimastan, ya dube ni, ya sunkuyar da kai, don ya riga ya san irin wasiyyar da zan yi.